Bindiga Mai Ɗana Kanta da Farautar Koyoti a Amurka

A filayen kiwo na yammacin Amurka, daga Tekzas har zuwa Wayomin da Montana, babu dabbar dawa da masu tumaki suka fi kuka da ita kamar koyoti, wani ɗan dangin kare wanda ya ɗara dila girma amma bai kai kyarkeci ba, nauyinsa kuwa yawanci tsakanin kilo 9 ne da 20. Farautarsa, tare da ta sauran ƙananan namun daji masu cin nama irin su yanyawa da kyanwar daji, ta zama fanni mai zaman kansa a ƙasar, da kayan aikinsa da ƙa'idojinsa da lokutansa. A 'yan shekarun nan bindigar da ta yi fice a hannun masu wannan farauta ita ce wadda ake kira AR-15, wato dai bindigar da Amurkawa suka fi yin sa-in-sa a kanta. Saboda haka duk mai son fahimtar wannan harka sai ya duba yadda makamin yake aiki da dokokin da suka kewaye mallakarsa, sannan ya tambayi ko kisan da ake yi da shi yana biya wa makiyayi buƙatarsa.

Abin da ya bambanta bindigogin zamani shi ne yadda harsashi na gaba yake shiga bututu bayan an harba na farko. A bindigar farauta ta da, maharbi ne da hannunsa yake jan wani ƙarfe baya domin fitar da kwanson da ya ƙone, ya kuma tura shi gaba domin ya ɗauko sabo. A bindiga mai ɗana kanta, irin su AR-15, wani ɓangare na iskar da ƙonewar albarushi ta haifar ne yake bi ta wata 'yar kafa da ke jikin bututun, ya dawo baya da ƙarfi ya tura wancan ƙarfen, kwanso ya fita, sannan sifirin ya mayar da ƙarfen gaba tare da sabon harsashi daga gidan harsasai. Duk da haka harsashi guda ne kawai yake fita a kowane jan kunama, kuma sai maharbi ya saki yatsa ya sake ja kafin na biyu ya tashi. Nan ne ta rabu da bindigar soja mai sarrafa kanta, wadda ke ci gaba da aman wuta muddin yatsa na kan kunama. Irin wannan ta soja dokar tarayya ta 1934 ta sa mata rajista da haraji, wata doka ta 1986 kuma ta hana farar hula mallakar waɗanda aka ƙera bayan watan Mayu na wannan shekarar.

Injiniya Eugene Stoner ne ya jagoranci tsara AR-15 a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, kamfanin ya sayar da tsarin ga Colt a 1959, daga nan rundunar sojan Amurka ta karɓi samfurin yaƙi da sunan M16, aka yi amfani da shi a Biyetnam. Colt ya fara sayar wa farar hula samfurin mai harsashi ɗaya a jan kunama ɗaya tun cikin shekarun 1960, a yau kuwa kamfanoni masu yawa ne ke ƙera ta.

Dalilan da suka sa mafarautan koyoti suka rungumi wannan bindiga na aiki ne, kuma suna da ƙarfi. Harsashin da aka fi sa mata, mai suna .223 Remington, ƙarami ne, nauyin ƙwayarsa kusan giram 3 da rabi ne a samfurin da aka fi sani, amma yana barin bakin bindiga da gudun da ya kusa mita 1,000 a daƙiƙa guda, don haka ba ya faɗuwa sosai a tazarar mita 200, wadda cikinta ake yin mafi yawan harbin. Ƙanƙantarsa ta sa bugun da bindigar ke yi wa kafaɗa bai taka kara ya karya ba, har maharbi yana iya ganin inda harsashinsa ya sauka ba tare da ya ɗauke ido daga madubin saiti ba. Wannan na da muhimmanci domin koyoti kan zo biyu ko uku a tare, kuma da zarar ƙarar farko ta tashi sauran sun arce, ga shi dabba ce mai gudun da ya kai kilomita 60 a sa'a. Haka nan idan harbin farko ya raunata dabbar bai kashe ta ba, damar sake harbi nan take tana taƙaita mata wahala, kuma wannan ita ce hujja mafi nauyi da masu kare amfani da ita suke da ita. Bayan haka an gina bindigar a kan sassa biyu, na sama da na ƙasa, waɗanda ake rabawa cikin sauƙi, abin da ya ba mai ita damar sauya bututu ko madubi ko tsawon gindinta daidai da jikinsa da kaurin rigar sanyinsa. Ba kowa ne ya gamsu ba, domin akwai tsofaffin hannu da har yanzu suka fi son bindigar da ake ɗanawa da hannu mai harsashin .22-250, musamman a sarari fetal inda harbi kan yi nisa.

Ita kanta farautar ta zama ce da haƙuri, ba ta bin sawu ba. Mafarauci yakan ajiye mota nesa, ya taka a hankali zuwa wata 'yar tudu, ya zauna da wani abu a bayansa domin kada siffarsa ta fito fili, ya ɗora bindigar a kan sanduna biyu masu tokare ta, sannan ya fara kira. Kiran kwaikwayon kukan zomo ne da ya faɗa cikin wahala, ko kukan wani koyoti baƙo da ya shigo yankin da ba nasa ba, ana yinsa da usur na baki ko da wata na'ura mai lasifika da ake ajiyewa can gefe a sarrafa ta daga nesa. Iska ce ke yanke hukunci, saboda koyoti kan kewayo ta inda iska ke kai masa warin abin da yake ji, idan kuwa ya shaƙi ɗan Adam ya tafi ke nan, kuma da wuya a sake yaudararsa da wannan kiran. Zama ɗaya kan ɗauki minti 15 zuwa 30, in ba a ga komai ba a koma wani wuri. An fi yin ta da hunturu, lokacin da gashin dabbar ya cika fatarta ta yi daraja, ko da yake kasuwar fatar ta yi sanyi tun bayan da kamfanin Canada Goose, wanda ya yi suna wajen sa gashin koyoti a hular rigunansa, ya sanar a 2021 cewa zai daina amfani da gashin dabba. Jihohi da dama sun yarda da farautar dare da fitila ko da madubin da ke gane zafin jiki, wasu kuma sun taƙaita ta.

Saurin da ya sa bindigar ta dace da wannan aiki shi ne kuma yake jarraba mai ita. Wanda ya san harsashi guda ne a hannunsa yakan jira dabbar ta tsaya, ya tabbatar da abin da yake gani da abin da ke bayansa. Wanda ke da 20 ko 30 a gidan harsasai yana iya bin dabba mai gudu da ruwan wuta, alhali kowace ƙwayar da ta kuskure tana iya tafiya fiye da kilomita 2 kafin ta faɗi, a ƙasar da shanu da gidajen gona da hanyoyi suke warwatse. Kuskuren gane dabba ma ba ƙaramin abu ba ne. A watan Disamba na 2014 wani mafarauci a jihar Yuta ya harbe wata kyarkeciya mai ɗauke da abin wuyan masu bincike, wadda aka taɓa gani a arewacin kwazazzabon Grand Canyon bayan shekaru da dama ba a ga irinta a can ba, ya ce ya ɗauka koyoti ce. A wannan shekarar ce kuma wata kotun tarayya ta taka wa farautar koyoti birki a gundumomi 5 na gabashin Karolina ta Arewa, domin ana harbe jajayen kyarketai, waɗanda ke dab da ƙarewa a duniya, bisa irin wannan kuskure. Maharbin da ya cancanci riƙe irin wannan makami shi ne wanda yake ɗaukar harsashin farko tamkar shi kaɗai gare shi.

Dangane da mallaka, dokar tarayya ta ce wanda zai sayi doguwar bindiga daga dillali mai lasisi sai ya kai shekara 18, ya cika takarda mai lamba 4473, a kuma binciki tarihinsa ta hanyar rumbun bayanan da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998. Jihohi suna ƙara nasu sharuɗɗan: Fulorida ta ɗaga shekarun zuwa 21 a 2018, Kalifoniya da Niyok da Konetikat da wasu kuwa sun haramta ko sun ƙuntata sayar da bindigogi masu siffar AR-15. An taɓa yin irin wannan haramci a matakin tarayya daga 1994 zuwa 2004, wa'adinsa ya ƙare ba a sabunta ba. Tushen wannan muhawara jini ne, domin da irin wannan bindiga aka kashe yara da malamansu a makarantar Sandy Hook a 2012, da ta Parkland a 2018, da ta Uvalde a 2022, kuma mafaraucin da ke ganin babu ruwansa da wannan tarihi bai yi wa maƙwabtansa adalci ba. Mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya kulle bindigar a akwatin ƙarfe ba harsashi a cikinta, nesa da hannun yaro da na ɓarawo da na mai damuwar da za ta iya kai shi ga halaka kansa. Wasu ƙasashen sun yanke shawara dabam: Ostireliya ta hana yawancin jama'a mallakar irin waɗannan bindigogi bayan kisan Port Arthur na 1996, Niyuzilan ta bi sahu bayan harin masallatan Christchurch na 2019, Kanada kuma ta haramta AR-15 a 2020.

Izinin mallaka dabam, izinin farauta dabam. Jihar Fensilbaniya, alal misali, sai a 2017 ta halatta farautar koyoti da ƙananan dabbobi da bindiga mai ɗana kanta, ta kuma ci gaba da hana amfani da irinta a kan barewa da sauran manyan namun daji. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya daga watan Yuli na 2019, saboda gutsattsarin dalmar da ke saura a mushe suna kashe wata katuwar ungulu da ta kusa ƙarewa. Kowace doguwar bindiga da harsashi kuma na ɗauke da harajin kashi 11 cikin 100, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta keɓe domin kula da namun daji.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko wannan kisa yana rage ɓarna. Asarar makiyaya gaskiya ce, domin ƙididdigar ma'aikatar noma ta Amurka ta sha nuna cewa koyoti ne kan gaba cikin dabbobin da ke kashe tumaki da 'ya'yansu, kuma wanda ya wayi gari ya tarar da 'yan raguna a yashe ba zai saurari dogon bayani ba. Sai dai tarihi ya koyar da wani abu. Tun da dokar 1931 ta ba gwamnatin tarayya ikon yaƙar dabbobi masu ɓarna, an bi koyoti da tarko da guba da harbi daga jirgin sama, har yanzu kuma ma'aikatan gwamnati kaɗai suna kashe dubun-dubatarsu duk shekara, amma dabbar da a da aka fi saninta a sararin tsakiya da yammacin nahiyar yanzu tana kowace jiha in ban da Hawai, har cikin biranen Shikago da Los Anjelas. Kawar da kyarkeci, wanda shi ne ke danne ta, ya buɗe mata hanya. Bugu da ƙari idan aka rage yawansu abinci kan wadata ga waɗanda suka saura, mata su haifi 'ya'ya da yawa, ƙarin 'ya'yan su rayu, baƙi kuma su cike gurbin da aka bari. Wani lissafi da masana Connolly da Longhurst suka wallafa a 1975 ya nuna cewa sai an riƙa kashe kusan kashi 3 cikin 4 nasu kowace shekara na tsawon shekaru masu yawa kafin a ga bayansu, abin da babu bindigar da za ta iya.

Binciken da aka yi a cibiyar Hopland ta Jami'ar Kalifoniya ya haskaka inda bindiga take da amfani na haƙiƙa. An gano cewa mafi yawan tumakin da ake kashewa aikin miji da mata ne masu riƙe da yankin da garken yake kiwo, musamman lokacin da suke ciyar da 'ya'ya, kuma kawar da waɗannan takamaimai yakan tsayar da ɓarnar na wani lokaci, alhali kashe waɗanda ke gararamba can nesa ba ya sauya komai. Ke nan makiyayin da ya zauna kusa da garkensa a lokacin haihuwar tumaki, ya kira dabbar da ta saba masa ɓarna ya harbe ta harbi mai tsabta, ya yi abin da hankali da ilimi suka goyi baya, tare da cewa karnukan gadi irin su Great Pyrenees da Akbash, da jakuna, da shingen lantarki, da killace tumaki da dare su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsaron.

Wannan hujja ba ta kai ga gasar kisa ba, inda ake taruwa a ƙarshen mako a ba da kyauta ga wanda ya tara gawarwaki mafi yawa, sau da yawa a zubar da su ba a ɗauki ko fata ba. Ladan dala 50 a kan kowane koyoti da jihar Yuta ta kafa a 2012 domin kare barewa shi ma ya gamu da suka daga masanan da ke ganin kisan da ba ya zaɓe ba ya tasiri mai ɗorewa. Kalifoniya ta hana ba da kyauta a irin waɗannan gasa a 2014, Bamont ta haramta gasar koyoti a 2018, Niyu Meziko da Arizona suka biyo a 2019, sannan Niyok ta sa hannu a tata dokar a ƙarshen 2023, kuma cikin waɗanda suka goyi bayan haramcin akwai mafarauta da ke tsoron kada hotunan tarin gawarwaki su sa jama'a su juya wa farauta baya gaba ɗaya.