Girgizar Ƙasa da Dam ɗin Goronyo: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Da zarar damina ta yi nisa, Gulbin Rima ya cika, sai maganganu su fara yawo daga waya zuwa waya: wai ƙasar Goronyo a kan teku take zaune, wai nauyin ruwan dam zai girgiza ta, wai abin da ya ci tsibiran Indunusiya yana tafe.

Batun teku gaskiya ne, sai dai ya wuce da miliyoyin shekaru. A can baya wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take a yau, ya malale wannan yanki. Shimfiɗun duwatsun da ya bari ma da sunayen garuruwanmu masana ke kiran su: Taloka, Dukamaje, Wurno. A shimfiɗar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai dogon baki kamar kada, wadda masana 'yan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina ma gadon teku ce. Amma ruwan ya janye tuntuni. Wanda masu haƙar rijiya ke tararwa ruwa ne da ke maƙale cikin yashi.

Tsibiran Nias da Simeulue na Indunusiya, yamma da Sumatra, suna zaune ne daidai inda wani falle na ɓawon duniya ke kutsawa ƙarƙashin wani. Shi ya jawo girgizar 26 ga Disamban 2004 da igiyar ruwan da ta biyo baya, da kuma ta 28 ga Maris 2005 mai maki 8.6 da ta ragargaza Nias. Babu irin wannan mahaɗa a kusa da Sakkwato, kuma tsakanin Goronyo da gaɓar teku akwai fiye da kilomita 700.

Mai cewa ƙasar Najeriya ba ta motsi sam, shi ma ya yi kuskure. An ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape a Abuja a 2018, duk ƙanana. Ta ƙasar Gini kuwa, a 1983, ta kashe ɗaruruwan mutane.

Ko dam na iya haddasa girgiza? Yana yi, jefi-jefi. Misalin da aka fi ambata shi ne Koyna a Indiya, a 1967. To amma tsayin Koyna ya haura mita 100, na Goronyo kuwa kimanin mita 21 ne, ya bazu ne a faɗi. Zurfin ruwa ne ke matsa wa duwatsun ƙasa.

A ganina, jita-jitar tana kawar da ido daga inda matsalar take. Ambaliyar Satumban 2010, da ta ci ƙauyuka irin su Kagara, ta shafe gonakin fadama har zuwa Wurno, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ruwan sama ne da ya fi ƙarfin dam ya kawo ta. A 2018 kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta ce ruwan dam ɗin ya ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100, saboda ƙarancin ruwan sama da yashin da ya cike cikinsa. Tambayoyin da ya kamata manomin shinkafa da na albasa su riƙa yi wa hukuma su ne: yaushe za a yashe dam ɗin, kuma kwana nawa za a ba mutanen fadama kafin a buɗe ƙofofinsa?