Kasuwar Hayaƙi: Gawonmu Ya Yi Kuɗi, Amma Ina Makomar Burtali?

Ƴan uwa makiyaya da manoma na Bande da kewayen Magarya da Dungas, ana ta zancen wai Turawa na sayen iskar itatuwa. To, ga yadda abin yake.

Hayaƙin masana'antu da motoci yana taruwa a sama, yana ƙara zafin duniya, yana rikita damina. Sai wasu masana tattalin arziki suka ce: iska da daji da ruwa dukiya ce mai iyaka, saboda haka wanda ya ɓata, shi zai biya. Wannan tunani ya shiga yarjejeniyar Kyoto ta ƙasar Japan a 1997, da ta Paris a 2015. Itace yana shan wannan hayaƙi, yana ajiye shi cikin jikinsa da saiwarsa. Kowane tan ɗaya da aka auna aka tabbatar, ana ba da takardarsa, kamfanin da ke fitar da hayaƙi ya saya. Ita ce ake kira kasuwar karbon.

A nan Nijar an taɓa gwadawa. Bankin Duniya ya tallafa wa aikin dashen dakwara a ƙauyuka da dama, kuma an biya mutane kuɗin karbon, amma bayan shekaru masu yawa na jira.

Mu kuwa muna da gawo. Tun shekarun 1980 manoman Magarya da Matamai da Mirya suke barin tsiro a gona idan sun zo sassabe. Kowa ya san amfaninsa: yana kaɗe ganye da damina, hatsi ya yi kyau a gindinsa, da rani kuma ganyensa da ƴaƴansa su ceci bisashe.

Ga inda za a yi hattara. Mai sayen karbon yana son itacen ya tsaya shekaru ashirin ko talatin. Idan aka yi dashe a makiyaya aka hana shiga, ko aka toshe burtali, bisashe ina za su? Daga nan rigima ke tashi.

Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali da makiyaya da mashaya. Don haka, kafin a sa hannu a kowace takarda:

1. A tara manoma da makiyaya, Fulani da Buzaye masu wucewa ma a ji ta bakinsu.
2. A tambaya: shekara nawa? Za a bari a yi kiwo da sassaka reshe? Wa zai karɓi kuɗin, yaya za a raba?
3. A kai maganar gaban Kofo, hukumar kula da filaye ta ƙauye ko ta kwamin, a rubuta.

Kuɗin karbon ƙari ne kawai. Abincin dabba da takin gona, su ne ribar gawo ta kowace shekara. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin dabbobi na yankinsa.