Ruwa Ya Janye a Gwange, Amma Ƙasa Ba Ta Koma Yadda Take Ba

Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliya ya shafe unguwannin Maiduguri da ke bakinsa. Gwange na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kamar yadda ya faru a 1994. Bayan ruwan ya janye, hankalin jama'a ya tafi kan abin da ido ke gani: bangon da ya faɗi, kayan da suka lalace, titin da ya farfashe. Ƙasar da ke ɗauke da waɗannan duka kuwa, ba kasafai ake tambayar halin da take ciki ba.

Ƙasa ba dunƙulalliya ba ce. Ƙwayoyi ne na yashi da laka da ke jingine da juna, da 'yan kafofi a tsakaninsu. A rani iska ce ta fi yawa a kafofin, kuma nauyin gini yana bi ta inda ƙwayoyin suke cije da juna. Wannan cijewar ita ce ƙarfin ƙasa. Idan ruwa ya cika kafofin, sai ya karɓi wani kaso na nauyin, cijewar ta sassauta. Injiniya Karl Terzaghi ne ya fayyace wannan ƙa'ida a littafinsa na 1925, kuma har yau a kanta ake lissafin harsashin gini. Yashin da ruwan ƙasa ya hau har ya taɓa harsashi yakan rasa kusan rabin abin da zai iya ɗauka, tun ba a girgiza shi ba.

Inda abin ya fi ɓaci shi ne nauyin da ke zuwa yana komawa. Tifa ta wuce, ta danna ƙasa, ta saki. Wata ta biyo. Kowane danni yana neman matse ƙwayoyin wuri guda, amma ruwa ba ya matsuwa, sai dai ya nemi hanyar fita. A tsakuwa yana fita nan take. A lallausan yashi mai gauraye da laka, irin wanda kogi ke zubarwa a gaɓarsa, fitar tana ɗaukar lokaci. Idan danni na biyu ya iso kafin matsin na farko ya sauka, sai ya hau kansa. Haka matsin ruwan ke taruwa kaɗan-kaɗan, taurin ƙasar yana raguwa, nauyin da jiya ya lotsa ta kaɗan yau ya lotsa ta da yawa. Duk yaron da ya taɓa bubbuga jiƙaƙƙen yashi da ƙafa a bakin Ngadda ya ga abin da idonsa: wurin da ke da tauri sai ya soma rawa, ruwa ya taso sama.

Ƙarshen wannan hanya shi ne ƙasa ta narke ta koma kamar ruwa. A birnin Niigata na Japan, girgizar ƙasa ta 1964 ta kwantar da benaye a gefensu ba tare da sun rushe ba, domin yashin da ke ƙarƙashinsu ne ya saki. Maiduguri ba yankin girgizar ƙasa ba ce, don haka kada wani ya tsorata. Namu a hankali yake zuwa, ta tayar tirela, da injin niƙa da aka girke jikin katanga, da babban janareta da ke kwana yana kaɗa ƙasa.

A kan titi alamar a fili take. Bayan ruwan sama, idan babbar mota ta taka tsagar kwalta sai ka ga ruwa mai laka ya fito. Wannan lakar cikon titin ce ke tserewa, tana barin rami a ƙarƙashi. Gwajin hanyoyi da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ninka nauyin da ke kan tayoyin mota sau biyu yana ninka ɓarnar kusan sau 16. Shi ya sa ɗora wa Keke Napep laifin ramukan unguwa zalunci ne. Tifa guda mai lodin yashi fiye da kima ta fi dubbansu ɓarna. Kuma, abin takaici, lokacin sake gini ne tifofi suka fi yin zirga-zirga a lunguna.

A ganina, kuskure mafi tsada shi ne gaggawar zuba kankare don saman ƙasa ya bushe. Rana tana busar da taki guda na sama cikin kwanaki, laka ta ƙasa kuwa tana iya riƙe ruwa watanni. Magini ya haƙa rami a wurin harsashi, ya bar shi ya kwana, ya ga ko ruwa zai taru. Ciko a zuba shi kashi-kashi, a daɓe kowane kashi kafin a ƙara, ba a juye tifa guda a baje ba. Lambatun da ya toshe a yashe shi kafin a taɓa kwalta, domin titin da ruwa ke kwana a gefensa faci ba ya riƙe shi. Mai niyyar ɗora bene a kusa da kogi kuwa, ya nemi injiniya ya ɗebi samfurin ƙasar wurin a gwada ta tana jiƙe.