Agogon Ikko da Ranar Gusau: Nazari a kan Jerin Zaɓen Lokaci a Intanet

Duk wanda ya taɓa yin rajistar wani taro ko neman gurbin karatu ta intanet, da wuya bai ci karo da wani ɗan akwati ba, wanda idan aka taɓa shi sai jerin sunayen birane ya zubo ƙasa, a nemi mutum ya zaɓi agogon da yake bi. Mutumin Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu zai duba tun daga sama har ƙasa bai ga garinsu ba, bai ga Kano ba. A mafi yawan shafuka, abin da zai tarar shi ne Africa/Lagos. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilin haka, sannan ta duba sunan da ya dace Hausa ta ba wannan abu.

Jerin ya samo asali ne daga wani kundi da Arthur David Olson ya fara tattarawa a Amurka a shekarun 1980, wanda hukumar IANA ke kula da shi tun daga 2011. Ƙa'idarsa ita ce, duk yankin da agogonsa yake ɗaya, sai a ambace shi da sunan birninsa mafi yawan jama'a. Shi ya sa Ikko ta tsaya wa Nijeriya baki ɗaya.

To, amma wannan agogo na bai-ɗaya baƙo ne. A 1884 aka yi taro a Washinton aka amince da layin Girinwic na Ingila a matsayin mafarin awon duniya. Tun da duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, kowane digiri ɗaya daidai yake da minti 4. Nijeriya ta yi ta sauye-sauye kafin ta zauna: a 1914 an sa agogonta gaba da na Girinwic da rabin awa, sai a 1919 aka mai da shi awa guda, kuma a kan haka ake har yau. Awa guda ɗin nan lokacin layin digiri 15 ne na gabas, wanda ya ratsa ta ƙasar Cadi. Ita kuwa Gusau ba ta kai digiri 7 ba. Ke nan idan agogo ya buga sha biyu a Gusau, da sauran kimanin rabin awa kafin rana ta yi tsaka. Haka nan, da yake Tsafe tana gabas da Bunguɗu, takan riga ta ganin faɗuwar rana da minti ɗaya da wani abu. Mai azumi ya san muhimmancin wannan minti, alhali jerin da ke cikin kwamfuta bai san da zamansa ba.

A nan ne ake ganin tsarin lokaci iri biyu a bakin Bahaushe. Na farko ya dogara ga rana: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha, har zuwa talatainin dare. Wannan na kowane gari ne shi kaɗai. Na biyu shi ne na ƙarfe kaza, wanda ya zo tare da ofis da makaranta da jirgin ƙasa, wanda ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920. Ita kanta kalmar agogo aro ce daga Yarabanci, inda take nufin ƙararrawa.

Masu fassara manhajoji sukan kira abin da ake zaɓa “yankin lokaci”. A ganina wannan fassara ce ta kalma da kalma, ba ta kuwa shiga kunne. Tuni gidajen rediyo, musamman Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, suka saba wa mai sauraro da cewa “agogon GMT” da “agogon Nijeriya da Nijar”. Manomin Bunguɗu da bai taɓa zama a aji ba ya san ma'anarsu. Ya kamata a rubuta “Zaɓi agogon da kake bi” a saman akwatin, a ƙarƙashi kuma a jera agogon Nijeriya da Nijar, agogon Gana, agogon Saudiyya, da sauransu. Maniyyaci zai gane nan take cewa Makka tana gabanmu da awa biyu, Kumasi kuma tana bayanmu da awa guda.

Akwai wani tarko da ya kamata mai tsara jerin ya kiyaye, wato rubuta lamba kawai ba tare da sunan wuri ba. Nijeriya ba ta taɓa agogonta duk shekara, amma Ingila takan tura nata gaba da awa guda daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. A waɗannan watanni Landan da Gusau lokacinsu ɗaya, sauran watannin kuwa Gusau ce a gaba. Ɗalibin da ya zaɓi Landan a watan Yuni don ya ga lambar ta yi daidai da tamu, idan aka sa masa ganawa a watan Disamba, shafin zai nuna masa ƙarfe tara, alhali a Gusau goma ta buga.