Mai Jinya da Mai Bincike a Riga Ɗaya

Yau shirin namu zai taso daga Kwanar Dangora. Duk wanda ya tsaya a nan ya san hanyar da ta miƙa Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore har Doguwa. Ku ɗauka wata uwa ce daga can wajen Riruwai, ɗanta ya daina barci, ya daina magana, ƙwaya ta fara cin sa. An yi rubutu, an yi ruƙiyya. Yanzu an ce mata sai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wato sai ta ratsa Kano gaba ɗaya. Ko kuma a ce mata ga makarantar gyaran hali ta Kiru, wadda gwamnatin jihar Kano ta tanada domin matasa masu shaye-shaye.

To a can, wa zai zauna da yaron nan? Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi ke rubuta magani. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam, wanda aikinsa zama da mutum, sauraro, gwaji, da magani ta hanyar zance. Kan wannan na biyun muke yau, da irin karatun da ke fitar da shi.

A taƙaice, a shekarar 1949 masana suka taru a garin Boulder na Amurka suka ce a riƙa horar da mutum ɗaya ya iya abu biyu, jinya da bincike, har digirin dakta. A Ingila karatun shekara uku ne, ɗalibi yana aiki a asibiti ana biyan sa albashi, yana kuma rubuta kundin bincikensa. A Najeriya sashen farko na ilimin halayyar ɗan Adam an buɗe shi a Nsukka a 1964, kuma yawanci horon asibiti a digiri na biyu ake yin sa, dakta ya biyo baya daban.

Amma ni abin da ya riƙe ni, masu sauraro, labarin wani malami ne ɗan Sudan, Malik Badri. An haife shi a Rufa'a a 1932. Ya yi digirin dakta a jami'ar Leicester ta Ingila a 1961, takarda ta cika hannu, amma bai ga ya isa ba. Sai ya koma asibitin Middlesex a Landan ya koyi zama da marar lafiya. Da ya dawo yana duba Musulmi, sai ya ga wasu darussan da ya haddace a Turai ba sa kama jikin mutanen da ke gabansa. Wannan ya haifi littafinsa na 1979 kan tsaka mai wuyar da masana halayya Musulmi ke ciki.

Ku saurari inda binciken ya kai shi. Akwai wani rubutun hannu cikin tarin littattafan Ayasofiya a Istanbul, na Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934. Sunan littafin Masalihul Abdan wal Anfus. Shekara fiye da dubu ke nan, jama'a, fiye da dubu. A ciki Balkhi ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asarar dukiya, da wanda yake sauka wa mutum haka kawai, wanda ya danganta da jiki, ya ce yana bukatar magani. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Badri ya fassara sashen littafin da ya shafi lafiyar zuciya zuwa Turanci a 2013. Ni ina ganin da bai yi shekaru yana sauraron masu ciwon damuwa ba, da ya wuce shafukan nan bai gane zinariyar da ke ciki ba. Allah Ya jiƙansa, ya rasu a 2021.

Mu dawo Kiru. Bahaushe ba ya zuwa ya ce ina da ciwon damuwa. Cewa zai yi kaina na zafi, zuciyata ta ƙuntata, wani abu na yawo a jikina. Takardun gwajin da ake aiki da su kuwa yawancinsu da Turanci aka tsara su, a kan mutanen wata ƙasa. Wa zai gwada ko tambayoyin nan suna kama manomin rani na bakin Tiga? Mai binciken da bai taɓa zama da shi ba ba zai san abin tambaya ba. Mai jinyar da bai koyi bincike ba kuma zai ji maganar kullum, ta tafi da shi kabari ba a rubuta ba. Shi ya sa nake son ɗan Bebeji ko 'yar Tudun Wada ta haɗa biyun, ta yi kundin daktanta a kan mutanenmu, da Hausa a bakinta.

Kuma yawan masu bukatar irin wannan taimako ba kaɗan ba ne. Binciken 2018 da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta tallafa ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, fiye da miliyan ɗaya a jihar Kano kaɗai.

Wahalar hanyar fa? Akwai ta. Shekaru ne masu yawa, ga kuɗin makaranta, ga iyali, da safe asibiti da dare rubutu. Ga ƙarancin malaman da za su duba ɗalibi a ɓangarorin biyu.

Ana ɗaga mini hannu lokaci ya ƙure. Na so mu taɓo Farfesa Lambo da ƙauyen Aro na Abeokuta, inda a 1954 aka fara saukar da marar lafiya tare da ɗan'uwansa a gidajen mutanen gari, da kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.