Wankin Ƙoda a Kaduna: An Rage Kuɗi, An Ƙaro Injuna, Ma'aikatan Jinya Kuwa Suna Tafiya

A Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka raɗa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, karo-karon wankin ƙoda ya shiga jerin abubuwan da 'yan layi suka saba da su. A zagaya shago-shago, a ce Alhaji wane yana kwance, ƙafa ta kumbura, likita ya ce sai an yi wanki. Mai dubu biyar ya bayar, mai ɗari biyar ya bayar, a tara kuɗin zama ɗaya ko biyu a miƙa wa iyali. Duk hirar da za a yi bayan nan a kan kuɗi take, da kuma asibitin da injinsa ke aiki, ko Barau Dikko, ko asibitin sojoji na 44, ko a ɗauki hanyar Zariya zuwa asibitin Shika. Da wuya ka ji an tambayi wanda zai tsaya a kan majinyacin na awa huɗu. A ganina nan ne matsalar ta fi girma, kuma kullum ƙara girma take yi.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin wanki ba yakan ɗauka injin ne ke yin komai. Kafin a kunna shi, nas ta auna nauyin majinyaci ta kwatanta da na zaman da ya wuce, don a san yawan ruwan da za a cire. Ta haɗa tiyo da matata, ta bi su da ruwan gishiri har iska ta fita kaf, domin iska idan ta shiga jijiya tana iya kisa. Sannan ta soka manyan allurai biyu a jijiyar hannu da likita ya haɗa tun da farko, ko ta buɗe robar da aka dasa a wuya ko a cinya, wurin da ƙwayar cuta ke shiga da ƙaramin sakaci. Daga nan jinin mutum yana fita yana komawa, ita kuma idonta na kan awon jini. Jini na iya faɗuwa farat ɗaya, mutum ya fara hamma, gumi ya keto, ƙafa ta ɗaure, ya ce “Sista, jiri nake ji.” A cikin minti ɗaya ko biyu za ta rage gudun injin, ta kwantar da kansa, ta ƙara masa ruwa. A yawancin lokuta likita ba ya cikin ɗakin. Ita ce a wurin, ko shi, don a Arewa maza da yawa ne ke wannan aiki.

Wannan gwaninta ba a makarantar jinya ta farko ake samunta ba. Sai an yi kwas na musamman a kan ƙoda, sannan a shafe shekaru ana soka allura kafin hannu ya faɗa. Jijiyar da aka haɗa wa majinyaci ita ce hanyar rayuwarsa, kuma hannun da bai ƙware ba yana iya lalata ta a 'yan zama kaɗan. Ga haɗarin da ma'aikacin kansa yake ciki: yini yake yi da jini, a ɗakin da ake ware injuna na daban saboda masu ciwon hanta da masu cuta mai karya garkuwar jiki.

Me ake biyan wannan mutum? Ma'aikatan jinya na gwamnati suna kan tsarin albashin ma'aikatan lafiya da ake kira CONHESS, kuma matakin aiki ne ke yanke abin da za ka karɓa, ba nauyin ɗakin da kake ba. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗari naira 5,000 ne a wata, sai a Disambar 2021 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi. Jihohi da yawa ba su bi sahu nan take ba, shi ya sa nas biyu masu takarda iri ɗaya, ɗaya a asibitin jiha ɗaya a na tarayya, sukan karɓi albashi mabambanta. Ƙarin da aka yi ma bai daɗe ba ya narke. An cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan da ya biyo, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Nas ɗin da ta sauka daga aikin dare, a Babbar Kasuwa take sayen shinkafa da man gyaɗa, a farashin da kowa ke saye. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai maido mata da abin da ta rasa ba.

Akwai kuma abin da ya wuce kuɗi. Ma'aikatan jinya a Kaduna ba su manta da Mayun 2021 ba, lokacin yajin aikin ƙungiyar ƙwadago, da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ba da sanarwar korar nas-nas 'yan ƙasa da mataki na 14 da suka shiga yajin. Ko mutum yana ganin gwamnati ta yi daidai ko ba ta yi ba, saƙon da matasan ma'aikata suka ɗauka shi ne ana ganin sauya su abu ne mai sauƙi. A ɗakin wankin ƙoda kuwa ba haka ba ne.

Sakamakon farko shi ne ci-rani. A farkon 2024 shugaban hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista, Faruk Abubakar, ya ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Ingila ta buɗe bizar ma'aikatan lafiya a 2020, kuma a 2024 sabuwar nas a asibitocin gwamnatinta tana farawa da kusan fam 30,000 a shekara. Saudiyya ma tana ɗiba, kuma ga Musulmin Arewa zuwa can ba ya buƙatar dogon lallashi. Waɗanda aka fi nema su ne masu horo na musamman, irin na ƙoda da ɗakin tiyata da na masu jinya mai tsanani. Wasu ba sa ma ƙetare iyaka, daga asibitin jiha suke komawa na tarayya, ko cibiyoyi masu zaman kansu a Abuja, tafiyar 'yan awoyi daga Kaduna. Hukumar rajistar ta gwada rufe ƙofa a Fabrairun 2024, ta ce sai nas ta yi shekaru biyu tana aiki kafin a tantance mata takardu don fita. Zanga-zanga ta biyo baya. Doka irin wannan tana jinkirta tafiya ne kawai, ba ta sa mutum ya so zama.

Sakamako na biyu yana kan waɗanda suka rage. Inda ma'aikata suka wadata, nas ɗaya majinyata uku ko huɗu take dubawa a lokaci guda. Idan biyu suka tafi daga ɗaki mai mutum shida, ba a rage majinyata, hutu ake ragewa. Kuma majinyatanmu sun fi wuyar kulawa. Ƙa'ida ita ce wanki sau uku a mako, amma mai jiran karo-karo sau ɗaya yake zuwa, ko sai numfashi ya fara gagara, a kawo shi da tsakar dare ruwa ya cika huhu. Ƙara da ɗaukewar wuta a tsakiyar wanki, da jiran janareta, da matsalar ruwa, tunda zama ɗaya yana cin wajen lita 120 na tataccen ruwa. Idan kayan aiki suka ƙare, nas ce za ta fito ta gaya wa dangi, ita ce za ta sha faɗan.

A ɗaya gefen kuma masu buƙata ƙaruwa suke yi, kuma kasuwa tana da hannu a ciki. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, ga ɗan kasuwar da zai shekara goma bai auna jini ba saboda ba mai tsare masa shago. Ɗan dako yana haɗiye haɗin ƙwayoyin ciwon jiki kullum yamma don ya iya tashi gobe. Ana shan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, ana shafa man bilicin, wanda wasu nau'o'insa ke ɗauke da sinadaran da ke cutar da ƙoda.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na Maiduguri da Azare. Jihar Yobe, inda ciwon ya addabi yankin Gashuwa, ta daɗe tana yin wankin kyauta. Waɗannan matakai ne na alheri, kuma duk wanda ya taɓa zagayawa da takardar karo-karo ya san darajarsu. Amma rage kuɗi yana nufin wanda ke zuwa sau ɗaya zai fara zuwa sau biyu, wanda ya haƙura ya koma gida zai dawo. Sayen injin ba tare da nas ba kamar buɗe sabon shago ne babu mai tsaronsa. A shekarar da aka yi wannan ragi, a ranar 30 ga Yuli, ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka tafi yajin gargaɗi, suna neman gyaran alawus ɗin aikin karɓa-karɓa da na yunifom da ɗaukar ƙarin ma'aikata. An janye bayan kwana huɗu bisa alkawura.

Masu kare gwamnati suna da hujja biyu da ya kamata a saurara. Sun ce babu jihar da za ta iya gasa da fam, kuma idan aka fifita nas ɗin ƙoda, ungozoma da ta ɗakin tiyata za su ce su ma fa. Gaskiya ne. Sai dai yawancin masu iyali ba sa son barin iyaye da 'ya'ya su tafi ƙasar sanyi, abin da ke tura su shi ne albashin da ba ya kai ƙarshen wata da aikin da ba ya ƙarewa. Amsar hujja ta biyu kuwa ita ce a biya alawus ɗin ƙwarewa ga duk mai horo na musamman, ba a hana kowa ba.

Kira na ga Gwamna Uba Sani da Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate shi ne duk takardar sayen injin wanki ta zo tare da kuɗin horar da waɗanda za su yi aiki da shi da alawus ɗin riƙe su, a yi musu rigakafin ciwon hanta kyauta, a kuma ƙayyade yawan majinyatan da mutum ɗaya zai duba. Shugabannin kasuwa su ma suna da abin yi. Su gayyaci ma'aikatan jinya su riƙa zuwa auna jini da suga a cikin layuka, ko da sau ɗaya ne a wata, kuma idan sun je gaban hukuma da ƙorafin haraji da wuta, su saka maganar albashin nas-nas a ciki.