Duma Ɗaya, Ƙwarya Biyu

A ƙauyukan Dakusa, cikin jihar Damagaram, idan duma ya ƙosa a kan danga, sai a bar shi ya bushe, a fafe shi gida biyu. Ɓari ɗaya ya faɗa hannun mai zane, a yi masa ado da wuƙa mai zafi, ya shiga jeren amarya ko a dama wa baƙo fura a ciki. Ɗaya ɓarin kuwa, da ya ɗan tsage, gyartai ma ba ya ganinsa. Dusar awaki ake zuba masa a gindin turke. Wanda ya tarar da su bayan shekara ba zai yarda uwarsu ɗaya ba.

Haka ta faru da wata tsohuwar kalmar mutanen Ingila, "stig". Kimanin shekaru 1000 da suka wuce, tana nufin ɗaki ko wani sashen gida, har da inda ake killace dabbobi. Da tafiya ta yi tafiya, ɓari ɗaya ya zama "sty", ɗakin aladu, sunan da har yau Bature ke jifan ɗaki mai ƙazanta da shi. Ɗaya ɓarin ya haɗu da "weard", wato mai tsaro, aka sami "steward", wakilin da ke riƙe da gidan babban mutum: rumbu, kuɗi da barori. A Sukotlan wannan muƙami ya zama na gado tun ƙarni na 12, har zuriyar ta ɗauke shi suna, Stewart. A 1371 Robert na Biyu, ɗan wannan gida, ya hau gadon sarauta, a 1603 kuma jininsa James ya haɗa da sarautar Ingila.

Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, don fadojinmu ma daga barga suka ɗebo manya. Madawaki, jagoran mayaƙa kuma mai zaɓen sarki a Kano, asalinsa mai dawaki ne. Shamaki kuwa bawan sarki ne mai kula da barga, amma sai da hakimai suka riƙa neman alfarma a ƙofarsa. Dalili a fili yake: a zamanin da Sarki Tanimu na Damagaram ke yaƙi da barade, doki shi ne ƙarfin mulki. Duk wanda aka amince wa da ciyawa da sirdi, an riga an ba shi rabin sirrin fada.